Tarihin Abu Nasr Al-Farabi (870–950): Malami na Biyu da Ma'aunin Sautin Tsaka-Tsaki

1.0 Gabatarwa

Wata rana da yamma, a unguwarmu ta Jekadafari da ke cikin garin Gombe, na tarar da wani abokina mai kiɗan fiyano yana fama da wata waƙar Ummu Kulsum, shahararriyar mawaƙiyar Masar da ta rasu a 1975. So yake ya bi muryarta da yatsunsa, amma duk sa'ad da ta iso wata gaɓa sai ya tsaya cak. In ya danna baƙin maɓalli sai a ji ya yi ƙasa da muryarta, in kuwa ya danna farin da ke gefensa sai a ji ya zarce ta. Da ya gaji sai ya ce ko dai wayar ce ke jan waƙar, ko kuma mawaƙiyar ce ke kauce wa hanya. Ban yi masa gardama ba, domin ni ma a lokacin ban san komai a kai ba. Daga baya ne na fahimci cewa sautin yana nan daram, fiyano ne ba shi da gurbinsa, kuma fiye da shekara dubu da suka wuce an sami malamin da ya auna shi, ya rubuta lissafinsa a littafi.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin kawo tarihin wannan malami, wato Abu Nasr Al-Farabi. Dalili biyu ne suka sa na ga ya dace 'yan uwana ɗaliban harshe su san shi. Na farko, ya bai wa ilmin harshe matsayi na ɗaya a jerin fannonin ilmi. Na biyu, bisa abin da marubuta tarihinsa suka kawo, Larabcin da ya yi dukkan rubuce-rubucensa da shi ba shi ne harshen da ya buɗi baki da shi ba. Ni ma ba da Hausa na fara magana a gidanmu ba, saboda haka wannan ɓangare na rayuwarsa ya taɓa ni ƙwarai.

2.0 Sunansa, Asalinsa da Haihuwarsa

Sunansa Muhammad ɗan Muhammad, alkunyarsa Abu Nasr. An haife shi wajen shekarar 870 Miladiyya, a can gabashin daular Abbasiyawa. Laƙabinsa na Al-Farabi yana komawa ga Farab, wani yanki da ke bakin kogin da Larabawa ke kira Saihun, wanda a yau yake kudancin ƙasar Kazakistan. Akwai kuma masana da suke danganta shi da Faryab ta ƙasar Kurasan, wadda yanzu take cikin Afganistan.

Al-Farabi bai rubuta tarihin kansa ba, kuma manyan littattafan da suka kawo labarinsa dalla-dalla sun zo ne bayan kusan shekara ɗari uku da rasuwarsa. Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya rasu a 1270, ya nuna cewa mahaifinsa kwamandan soja ne ɗan asalin Farisa. Shi kuwa Ibn Khallikan, wanda ya rasu a 1282, ya tsaya a kan cewa Baturke ne, kuma ya shiga Bagadaza yana jin Turkanci da wasu harsuna, ban da Larabci, sannan ya duƙufa har ya ƙware a kansa. Har gobe Turkawa da Farisawa kowa yana ja, kowa na cewa nasa ne. Abin da za a iya gani a cikin littattafansa shi ne yakan kawo misalai daga Farisanci da Girkanci da kuma Sugdanci, wani harshe na 'yan kasuwar tsakiyar Asiya.

Yana da kyau ɗalibi ya kiyaye kada ya rikita shi da wani Al-Farabin, wato Ishaƙ ɗan Ibrahim, mai ƙamusun Diwanul Adab, kawun Al-Jauhari mai ƙamusun As-Sihah. Su ma daga Farab suka fito. In aka haɗa da Sibawaihi, jagoran nahawun Larabci wanda asalinsa Bafarise ne, za a ga cewa waɗanda suka tsinci Larabci a waje sun yi masa hidimar da ba za a manta da ita ba.

3.0 Neman Ilminsa a Bagadaza

A wancan zamani Bagadaza ita ce cibiyar ilmi. An riga an shafe fiye da ƙarni guda ana fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci, wasu kai tsaye, wasu ta hanyar Suryananci. Hunain ɗan Ishaƙ da ɗansa Ishaƙ sun yi aiki mai yawa a wannan fage, kuma Al-Kindi, wanda ya rasu daidai lokacin da aka haifi Al-Farabi, ya riga ya yi rubutu a kan falsafa da kiɗa.

Al-Farabi da kansa ya ambaci malaminsa na ilmin manɗiƙi, wato Yuhanna ɗan Hailan, wani malamin Kirista da ya rasu a Bagadaza a zamanin Halifa Al-Muƙtadir (908–932). Haka kuma ya yi zamani da Abu Bishr Matta ɗan Yunus, babban mai fassara da ya rasu a 940. Daga cikin almajiransa kuwa, wanda ya fi shahara shi ne Yahaya ɗan Adi (893–974), shi ma Kirista, wanda ya gaji jagorancin masu manɗiƙi a Bagadaza. Ke nan ya ɗauki karatu daga wanda ba addininsu ɗaya ba, ya kuma bayar ga wanda ba addininsu ɗaya ba, ba tare da hakan ya hana shi zama Musulmi ba.

Ta fuskar harshe, an ruwaito cewa yakan zauna da Ibn Sarraj, mai littafin Al-Usul fin Nahwi, yana koyon nahawu a wajensa, shi kuma yana koya masa manɗiƙi. Wannan musaya ta ban gishiri in ba ka manda ta bar alama a ayyukan Al-Farabi. Ya yi sharhi da taƙaitawa a kan littattafan manɗiƙi na Aristotil har mutane suka yi masa laƙabi da Malami na Biyu, Aristotil kuwa shi ne na Farko.

4.0 Al-Farabi da Ilmin Harshe

A shekarun 930 aka yi wata muhawara da ta yi suna a majalisar wazirin Halifa, tsakanin Matta ɗan Yunus da Abu Sa'id As-Sirafi, masanin nahawu. As-Sirafi yana ganin manɗiƙi ba komai ba ne illa nahawun Girkawa, don haka Balarabe ba ya bukatarsa. Waɗanda suka ruwaito labarin sun nuna cewa Matta ne ya sha kashi. Ayyukan Al-Farabi a kan harshe suna ɗauke da amsa ga wannan ƙalubale.

A littafinsa Ihsa'ul Ulum, wato ƙididdigar fannonin ilmi, ya fara da ilmin harshe, sannan manɗiƙi, sannan lissafi, sannan ilmin halitta da abin da ke bayan halitta, ya rufe da siyasa da fiƙihu da ilmin kalam. Ilmin harshen ya kasa shi bakwai: sanin ɗaiɗaikun kalmomi, sanin kalmomi a haɗe, ƙa'idojin ɗaiɗaikun kalmomi, ƙa'idojin haɗa su, ƙa'idojin rubutu, ƙa'idojin karatu da ƙa'idojin waƙa. Duk wanda ya duba kwasa-kwasan da muke yi a sashen Hausa zai ga kamar shi ya tsara su. Ya kuma bayyana cewa nahawu yana gyara harshen al'umma guda ne, manɗiƙi kuwa yana duba abin da dukkan harsuna suka yi tarayya a kai, don haka babu wanda zai maye gurbin wani.

A Kitabul Huruf ya yi bayanin yadda harshe ke tasowa a cikin al'umma, daga nuni da hannu zuwa sauti, zuwa kalma, zuwa azanci da waƙa, har zuwa lokacin da za a sami masu tsara masa ƙa'ida. A nan ne ya lura da wani abu da baƙon harshe ya fi saurin gani. Farisanci yana da kalmar hast, Girkanci yana da estin, masu ƙulla suna da abin da aka faɗa a kansa, amma Larabci yakan jera kalmomin biyu kawai ba tare da maƙulli ba. Saboda haka masu fassara suka ari huwa da maujud don cike gurbin. Bahaushe zai gane wannan nan take, domin yana da ne da ce, kamar a cikin Audu malami ne, Binta ɗaliba ce.

5.0 Babban Littafin Kiɗa

Al-Farabi ya sanya kiɗa a ƙarƙashin lissafi, tare da ilmin lambobi da awon fili da ilmin taurari. Babban aikinsa a wannan fanni shi ne Kitabul Musiƙal Kabir, wanda ya rubuta bisa roƙon Abu Ja'afar Al-Karkhi, wazirin Halifa Ar-Radi (934–940). A ciki ya yi magana a kan asalin sauti, da tazarar da ke tsakanin sautuka, da kayan kiɗa, da kari, da yadda ake tsara waƙa. Ya siffanta ud, wanda za mu iya kira molon Larabawa, da tamburan Bagadaza da na Kurasan masu dogon wuya, da kayan busa irin su mizmar da surnai, dangin algaitarmu, da kuma rababa, dangin goge da kukuma.

5.1 Yadda Ake Auna Sauti

Duk wanda ya taɓa kallon mai garaya ko mai gurmi ya san cewa in aka danne tsirkiya aka rage tsawon da ke kaɗawa, sauti yakan hau sama. Tun zamanin Girkawa aka gano cewa wannan hawa yana bin lissafi. In aka danne a tsakiya, rabin tsirkiya ya kaɗa, za a ji sautin farko ne ya dawo a sama, kamar muryar yaro a kan ta babba. Wannan shi ne ninki, lissafinsa 2/1. In kashi biyu cikin uku ya kaɗa, an sami 3/2. In kashi uku cikin huɗu ne, an sami 4/3. In kuwa kashi takwas cikin tara ne, an sami 9/8, wanda za mu kira cikakken taki. Daidaita kayan kiɗa bisa irin waɗannan lambobi cikakku shi ne ake kira daidaito na asali.

Domin sauƙaƙa kwatance, za mu yi amfani da ma'aunin da Alexander Ellis, wani Bature ɗan Ingila masanin furuci, ya yaɗa a 1885. Ya kasa ninki gida 1200, kowane gida ana kiransa sent. Fiyano ya raba ninki gida 12 daidai wa daida, saboda haka daga maɓalli zuwa na kusa da shi sent 100 ne, wato rabin taki, cikakken taki kuwa sent 200. Tsakanin 100 da 200 babu komai a fiyano. Amma muryar ɗan Adam da tsirkiya ba su san da wannan shinge ba. Tazarar da ta faɗo a tsakiya, wajen sent 150, wadda ta fi rabin taki amma ba ta kai cikakke ba, ita ce takin tsaka-tsaki.

5.2 Ɗaurin Zalzal

A zamanin Al-Farabi ud yana da tsirkiya huɗu, kuma ana ɗaura zare a wuyansa a wuraren da yatsu ke sauka. Kowane ɗauri ana kiransa da sunan yatsan da ke danna shi. A ɗauka tsawon tsirkiyar santimita 81 ne. Ɗaurin manuniya yana inda santimita 72 za su rage suna kaɗawa, wato 9/8, sent 204. Ɗaurin yatsan zobe yana barin 64, wato 81/64, sent 408. Na ƙaramin yatsa yana barin kashi uku cikin huɗu, wato 4/3, sent 498. A kan waɗannan babu saɓani.

Rigimar tana kan yatsan tsakiya. Tsohon gurbinsa yana bayar da 32/27, sent 294. Makaɗan Farisa sun matsar da shi zuwa tsakiyar manuniya da yatsan zobe, wato tsakiyar 72 da 64, wanda shi ne 68. Wannan ya ba da 81/68, sent 303. Sai kuma wani makaɗi mai suna Mansur Zalzal, wanda ya yi tashe a fadar Haruna Ar-Rashid (786–809), kuma malamin Ishaƙ Al-Mausili a kiɗan ud. Kunnensa bai gamsu da ko ɗaya daga cikin biyun ba, sai ya ƙara matsar da yatsansa gaba. Makaɗa suka bi shi, gurbin ya ci sunansa, har ya iso zamanin Al-Farabi.

Al-Farabi ya bayyana cewa ana ɗaura zaren Zalzal ne a tsakiyar na Farisawa da na yatsan zobe, wato tsakiyar 68 da 64, wanda shi ne 66. In aka raba 81 da 66 da uku, za a sami 27/22, sent 355. Yanzu mai karatu ya duba takin da ke tsakanin manuniya da wannan ɗauri: 72 a kan 66, in aka raba kowanne da shida, ya zama 12/11, wato sent 151. Daga ɗaurin Zalzal zuwa ƙaramin yatsa kuma akwai 88/81, wato sent 143. Ke nan wanda ya kaɗa tsirkiya a sake, ya danna manuniya, ya danna ɗaurin Zalzal, ya ƙare da ƙaramin yatsa, ya yi taki uku: 204 da 151 da 143, jimla 498. Biyu daga cikinsu na tsaka-tsaki ne. Har wa yau ya ambaci wani ɗauri a tsakiyar kan tsirkiya da ɗaurin Zalzal, mai bayar da 54/49, sent 168, shi ma a cikin wannan dangi yake.

Ba Al-Farabi ne ya fara rubuta 12/11 ba. Batlimus na Iskandariyya, a ƙarni na 2 Miladiyya, ya kawo wani tsari na tsirkiyoyi masu tsawon 12 da 11 da 10 da 9, wanda ke bayar da 12/11 da 11/10 da 10/9. Bambancin shi ne Al-Farabi ya samo nasa ne a wuyan ud ɗin da makaɗan garinsa suke riƙe da shi.

5.3 Kunne Kafin Alƙalami

A nan ne, a ganina, girman malamin yake. Tsarin da aka jingina wa Fisagoras yana gina dukkan sautuka ne daga lambobi 2 da 3 kawai. Lamba 11 ba ta da wurin zama a cikinsa. Da Al-Farabi mai bin littafi ido rufe ne, da sai ya ce Zalzal da mabiyansa kuskure suke yi, kamar yadda abokina ya zargi Ummu Kulsum. Maimakon haka, ya tafi a kan cewa aikin kiɗa ya riga ilmin kiɗa zuwa duniya, kuma tushen wannan ilmi shi ne abin da kunnen lafiyayyun mutane ya ji ya karɓa. Ya kuma ƙi amincewa da ra'ayin da ke cewa taurari suna fitar da kiɗa a cikin tafiyarsu, domin babu hujjar ji a kansa.

Ɗalibin harshe ya san wannan darasi. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Mu da muka koyi Hausa a waje mun sha dariya a kan irin waɗannan kafin kunnenmu ya buɗe. Bugu da ƙari, karin sama da ya biyo bayan karin ƙasa a cikin jimla ba ya kai tsayin na farko, murya tana gangarowa a hankali har ƙarshen zance. Babu maɓallin da zai kama wannan, amma kalangu yana kama shi, domin makaɗin yana matsa tsarkiyarsa ne gwargwadon abin da ya ji. Rashin alama a takarda ba ya nufin rashin abu a baki.

Ta fuskar kari ma, Al-Farabi ya kwatanta bugun kiɗa da ma'aunin waƙa na aruli, ya yi amfani da gaɓoɓi irin su ta da tan wajen nuna gajeren bugu da dogo, ya kuma yi magana a kan gajeriyar gaɓa da doguwa. Wannan ya yi daidai da gaɓa sassauƙa da nannauya da muke nazari a rubutacciyar waƙar Hausa.

6.0 Komawarsa Sham da Rasuwarsa

Ƙarshen zamansa a Bagadaza ya zo daidai da lalacewar mulki. An kashe Halifa Al-Muƙtadir a 932, daga 936 kuma iko ya koma hannun kwamandojin soja, suna ta kokawa a kan birnin. A ƙarshen 330 Hijiriyya, wato 942, Al-Farabi ya bar Bagadaza ya nufi Sham, yana da shekara fiye da 70. Ya tafi da littafin da ya fara, Ara'u Ahlil Madinatil Fadila, ya kammala shi a Dimashƙa a shekarar da ta biyo baya. Abin lura ne cewa littafin da ke siffanta gari nagari, inda shugaba yake kamar zuciya a jiki kuma jama'a ke taimakon juna don samun tsira, an fara shi ne a garin da ke wargajewa.

Ya zauna a Halab ƙarƙashin kulawar Sarki Saifud Daula Al-Hamdani, wanda fadarsa ta tara malamai da mawaƙa, ciki har da Al-Mutanabbi. Ya kuma ziyarci Masar a 337 Hijiriyya. Marubuta tarihinsa sun siffanta shi da gudun duniya. Sun ce dirhami huɗu kawai yake karɓa a rana, kuma ya fi son zama shi kaɗai a bakin ruwa ko cikin lambu yana rubutu. Akwai ruwayar da ta ce ya taɓa yin gadin wani lambu a Dimashƙa, yana karatu da fitilar masu gadi.

Ibn Khallikan ya kawo wani labari da ya bazu. Wai ya shiga majalisar Saifud Daula ba a san shi ba, ya nuna yana jin harsuna fiye da 70, ya gyara wa makaɗan fada kurakuransu, sannan ya fito da wasu itatuwa daga jakarsa ya harhaɗa. Ya kaɗa kowa ya yi dariya, ya sake harhaɗawa ya kaɗa kowa ya yi kuka, ya sake kaɗawa kowa ya yi barci har mai gadin ƙofa, shi kuwa ya yi tafiyarsa. Masu bincike na zamani suna ɗaukar wannan a matsayin almara, sai dai tana nuna irin kwarjinin da yake da shi a idon na baya.

Ya rasu a Dimashƙa a watan Rajab na 339 Hijiriyya, wanda ya yi daidai da Disambar 950 ko Janairun 951, yana da kimanin shekara 80. An ruwaito cewa Saifud Daula ne ya yi masa salla tare da 'yan tsirarun fadawansa, aka binne shi a maƙabartar Babus Sagir.

7.0 Tasirinsa Bayan Rasuwarsa

Ibn Sina (980–1037) ya faɗa a tarihin kansa cewa ya karanta littafin Aristotil a kan abin da ke bayan halitta sau 40 bai gane ba, sai da ya sayi wani ɗan littafin Al-Farabi a kan dirhami uku a kasuwar Bukhara, sannan ƙofa ta buɗe masa. Shi ma ya yi rubutu a kan takin tsaka-tsaki, inda ya yi amfani da 13/12 da 14/13, wato sent 139 da 128. Ba kowa ne ya yarda da Al-Farabi ba. Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi masa raddi mai zafi shi da Ibn Sina a Tahafutul Falasifa a kan wasu mas'alolin aƙida, ko da yake shi kansa ya riƙi manɗiƙi ya yi aiki da shi. A ƙarni na 12 aka fassara Ihsa'ul Ulum zuwa Latin a birnin Toledo, Turawa suka san shi da sunan Alpharabius.

Batun awon sauti kuwa bai mutu ba. Safiyud Din Al-Urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya kasa ninki gida 17. A ƙarni na 19 Mikha'il Mishaƙa ya yaɗa tsarin gida 24, kowanne sent 50, inda gida uku ke bayar da sent 150, kusan daidai da 12/11. A taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932 an yi ta muhawara a kan wannan tsari ba tare da an cim ma matsaya ɗaya ba, domin makaɗan Masar da Sham da Iraƙi da Turkiyya kowa da inda yake ajiye yatsansa. A Amurka, Harry Partch (1901–1974) ya ƙera kayan kiɗa masu sauti 43 a cikin ninki, 12/11 da 11/10 suna ciki. Shi kuwa Babban Littafin Kiɗa, Rodolphe d'Erlanger ya fitar da fassararsa ta Faransanci a 1930 da 1935, aka kuma buga Larabcinsa a Alƙahira a 1967. A 1991 aka sanya wa babbar jami'ar Almati ta Kazakistan sunansa.

Wannan taki ba baƙo ba ne a kunnenmu. Salon da Larabawa ke kira Rast yana tafiya ne a kan cikakken taki ɗaya da na tsaka-tsaki biyu, kamar jerin Zalzal. Salon Bayati kuwa da takin tsaka-tsaki yake farawa, kuma da shi manyan makarantan Masar irin su Abdulbasiɗ Abdussamad suka saba buɗe karatunsu na tajwidi. Duk wanda ya tashi a Gombe ya ji wannan murya tun yana goye.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta kawo tarihin Al-Farabi tun daga Farab zuwa Bagadaza, zuwa Halab da Dimashƙa, ta kuma nuna gudummawarsa ga ilmin harshe da awon sauti. Ya shigo Larabci a matsayin baƙo, ya koye shi a hannun masu shi, har ya ga abin da su ba su lura da shi ba. Da littafin Girkawa da yatsan makaɗi suka saɓa, bai ƙaryata makaɗin ba, awo ya ɗauko.

Akwai aiki irin wannan da ke jiran mu. Faya-fayen Narambaɗa da Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos suna nan, masu goge da garaya da algaita suna raye a garuruwanmu, haka ma makaɗan Tangale da Tera da Waja da Fulani a jihar Gombe. Yanzu da kwamfuta ko wayar hannu ana iya auna sauti da sent. Sai dai kiɗan fiyano yana ta mamaye waƙoƙinmu, kuma duk sautin da ba shi da maɓalli yana iya ɓacewa ba tare da an yi masa jana'iza ba. Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai masu neman batun kundin digiri da su waiwayi wannan fage tun masu abin suna da rai, domin da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.